Wannan ɗan maɓallin na sauke PDF, aikin da ke bayansa ba ƙarami bane

Duk wanda ya taɓa haɗa manhajar yanar gizo da mutane ke amfani da ita da gaske, ko ba jima ko ba daɗe sai an ce masa a saka mana maɓallin da zai fitar da PDF. Ko rasit, ko inbois, ko satifiket, ko takardar yarjejeniya da za a sa ma hannu. Kuma yadda ake faɗin maganar kaman aikin awa ɗaya ne, ai ga bayanan nan a kan sikirin, kawai ka juye su su zama PDF shikenan. Sai ka fara, rana ta farko komai lafiya lau da bayanan gwaji, sai ranar da aka samu kwastoma mai dogon suna ko inbois mai layi 60, kaga tebur ya tsinke a tsakiyar layi, jimillar kuɗi ta tafi shafi na biyu ita kaɗai, wurin sa hannu ya hau kan rubutu. Mutane da yawa a nan suke fara zagin laburaren da suka ɗauko, wato shiryayyen kod na wasu da ke musu aikin, su canza wani, su sake cin karo da irin matsalar. Ni a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba, matsalar daga rashin sanin menene shi kansa PDF ɗin take.

PDF fa bai san sakin layi ba, bai san tebur ba, asalinsa ko kalma bai sani ba. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, daga tunanin John Warnock a aikin da ya kira Camelot, kuma jinin PostScript ne, wato yaren da ake ma firinta magana da shi. Burinsu ɗaya ne, takarda ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta. Yadda suka cimma hakan shine suka daskarar da komai. In ka buɗe cikin fayil ɗin abun da zaka tarar umarni ne irin na, ɗauki fonti kaza girma 12, ka je maki 72 daga hagu maki 720 daga ƙasa, ka ajiye waɗannan haruffan a wurin. Maki ɗaya kashi ɗaya ne cikin 72 na inci, takardar A4 wajen maki 595 ce a faɗi 842 a tsawo, kuma lissafin daga kusurwar ƙasa ta hagu yake farawa ba daga sama ba kaman yadda muka saba a sikirin. Tebur ɗin da kake gani da idonka layuka ne kawai aka zana aka watsa haruffa a tsakaninsu. Shi yasa in ka kwafo rubutu daga wani PDF ɗin sai kaga ya fito a hargitse. Tun 2008 ya zama ma'aunin ISO 32000, a 2017 aka fitar da PDF 2.0, amma wannan ginshiƙin bai canza ba.

Shi kuma HTML akasin haka ne gaba ɗaya, kaman ruwa yake, duk mazubin da ka zuba shi zai ɗauki siffarsa, waya ce ko babban sikirin, kuma ba shi da ƙarshen shafi, gangarawa kawai kake. To tsakanin ruwan nan da busasshen sumunti dole a samu wanda zai zauna ya yanke hukunci, wannan kalmar ta ƙare a layin nan, waccan ta sauka ƙasa, a nan shafi ya cika, kan tebur ya sake fitowa a shafi na gaba. Wannan mai yanke hukuncin, injin shimfiɗa rubutu, shine ainihin abun da kake zaɓa lokacin da kake ganin laburare kake zaɓa. Saka suna da lamba a gurbin da aka bari cikin tamfilet ba wani aiki bane, Jinja ko Handlebars ko Twig ko Blade kowanne zai maka a ƙiftawar ido. Inda kowane harafi zai zauna bayan an cika gurbin, nan ne aikin yake.

Hanya mafi tsufa ita ce kai da kanka ka zama injin. Ka ɗauki irin su ReportLab a Python, ko FPDF da TCPDF a PHP, ko PDFKit a Node, ko iText da Apache PDFBox a Java, ka riƙa cewa zana nan, rubuta can. Tana da sauri sosai, bata cin memori, fayil ya fito ɗan ƙarami tsaf. In takardar iri ɗaya ce kullum kuma dubbai ake bugawa, irin tikiti ko lambar manne ta kaya, wallahi har yau babu kamarta. Amma tamfilet ɗinka a nan kod ne, ba wanda zai iya taɓa shi sai mai rubuta kod, ranar da aka ce a matsar da tambarin kamfani dama kaɗan a ƙara layi ɗaya a sama, sai ka bi lambobi kana gyarawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu daga cikinsu suna da ɗan injin shimfiɗa nasu, kaman Platypus na ReportLab, yana rage wahala. Sannan a duba lasisi don Allah kafin a yi nisa, iText tun siga ta 5 a 2009 ya koma lasisin AGPL, ma'ana in manhajarka a rufe take ba zaka buɗe kod ɗinka ba to sai ka sayi lasisin kasuwanci, kuma mutane da yawa basa ganin wannan sai aiki ya kusa ƙarewa.

Akwai kuma inda takardar ba taka bace, fom ne da wata hukuma ko banki ko kamfanin inshora suka riga suka tsara kuma basa son a canza ko ɗigo. A nan ba sabon PDF kake ƙirƙira ba, tsohon kake cikewa. In an yi sa'a fom ɗin yana da gurabe na AcroForm, wato akwatunan cikewa da aka gina a cikin PDF ɗin, kowanne da sunansa, sai ka zuba bayanai da pdf-lib ko PDFBox, ka daskarar da shi a ƙarshe don kar wani ya goge ya rubuta nasa. Matsalarsa gurbin baya girma, adireshi in ya fi akwatin tsawo ko ya yanke ko rubutun ya ƙanƙance har ba a karantawa. In kuma fom ɗin irin na XFA ne, wato wani tsarin fom na daban na Adobe, to gara a nemi wata sigar, PDF 2.0 ma ya yi watsi da shi kuma manhajojin karatu da yawa basa nuna shi daidai.

Sai hanyar da ma'aikatan ofis suka fi so, kuma suna da gaskiyarsu. Lauya ko akanta yana so ya buɗe Word ya gyara sharaɗi na bakwai na yarjejeniya da kansa ba sai ya jira mai kod ba. To sai a bar masa tamfilet ɗin a docx, ya riƙa saka alamar gurbi inda suna ko kwanan wata zai shiga, manhaja ta cika da docxtemplater ko docxtpl, sannan LibreOffice a kan saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ya juya shi PDF ba tare da ya buɗe taga ba. Ina son hanyar nan saboda tana maida takarda hannun masu ita. Amma tana da ƙaya biyu da ya kamata a sani. Na farko, docx ba komai bane illa matsattsen fayil na zif da aka cusa XML a ciki, kuma Word yana da halin yayyanka rubutu gunduwa gunduwa a ɓoye, in mutum ya rubuta alamar gurbi ya dawo ya gyara harafi ɗaya a tsakiya, a ido kalma ɗaya ce amma a ciki ta rabu gida uku, sai manhaja ta kasa gane ta. Laburaren kirki suna ƙoƙarin haɗe gunduwoyin, wanda ya ce zai yi da kansa da nemo ka maye gurbi shine zai sha wuya. Na biyu kuma shine injin da mai tamfilet ya gani da idonsa ba shine zai fitar da takardar ba. Shi a Word ya tsara, LibreOffice ne zai shimfiɗa. In ya yi amfani da Calibri kuma babu Calibri a sabar, za a maye masa da wani fonti mai faɗin haruffa daban, layi ya ƙaru, takardar shafi 2 ta koma shafi 3 da layi ɗaya tal a na ukun. Maganinsa a girka Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, dangin Liberation a madadin Arial da Times New Roman, don an ƙera su ne da awo ɗaya da na asalin. Kuma kar a tura ma LibreOffice aiki goma lokaci guda da furofayil ɗaya, wato wurin da yake ajiye saitunansa, yana kulle furofayil ɗin, sauran su faɗi ko su tsaya shiru.

Yawancin masu aikin yanar gizo dai HTML da CSS suke komawa, tunda shi suka iya kuma bayanan ma dama can a nan suke. Shekaru da yawa wkhtmltopdf ne sarki a wannan fagen, har yanzu in ka yi bincike shi zaka fara gani a tsofaffin amsoshi. Amma injin da ke cikinsa tsohon WebKit ne na Qt da aka daina sabuntawa tuntuni, bai san CSS grid ba, JavaScript na zamani yana ba shi wahala, kuma a farkon 2023 aka rufe ma'ajiyar kod ɗinsa a GitHub. Sabon aiki bai kamata ya fara da shi ba, magana ta gaskiya kenan. Abun da ya canza wasan shine 2017, lokacin da Chrome 59 ya zo da damar yin aiki ba tare da taga ba, Google suka fitar da Puppeteer, daga baya Microsoft suka kawo Playwright a 2020, dukansu na sarrafa burauza da kod ne. Yanzu burauza ta gaske ce ke zaune a sabarka, ka bata shafi ka ce ta buga, duk abun da Chrome ya iya nunawa zai fito, harda jadawalin zane da JavaScript ke haɗawa.

Sai dai burauza an yi ta ne don sikirin, bugawa a takarda aikin gefe ne a wurinta, kuma dole kai ka gaya mata komai. Launin bango baya fitowa sai ka kunna printBackground, shi yasa kan tebur mai shuɗi da farin rubutu yake fitowa kaman babu komai a wurin. Girman takarda da gefe a dokar @page ake faɗa, kuma a daina auna abu da fiksel a koma milimita, don fiksel na CSS kashi ɗaya ne cikin 96 na inci, ba ruwansa da sikirin ɗinka. In baka so layin tebur ya rabe biyu sai ka sa break-inside: avoid a kansa. In kana so kan tebur ya maimaitu a kowane shafi to ka yi tebur na gaske da thead, waɗanda suke jera div su yi masa kwalliya ya yi kama da tebur su ne ke rasa wannan, burauza bata san tebur bane balle ta maimaita kansa. Wurin sa hannu da jimilla a ɗaure su da layin ƙarshe na tebur cikin akwati ɗaya da ba a yarda ya rabu ba, don sa hannu shi kaɗai a farin shafi ba rashin kyau kawai bane, ana iya cire shafin a liƙa shi a wata takardar. Rubuta shafi 2 cikin 5 a ƙasa ma ya daɗe yana ba mutane ciwon kai, Puppeteer yana da ɗan tamfilet na kai da na ƙasa daban wanda baya ganin CSS ɗin shafinka, sai a Chrome 131 a ƙarshen 2024 aka samu akwatunan gefen shafi na CSS suka fara aiki. Ga kuma maganar lokaci, in ka ce buga kafin hoto ko fonti ya gama sauka, zata buga abun da ta samu ne kawai ba tare da ta yi ƙorafi ba, yau ya fito daidai gobe tambari ya ɓace, kuma irin wannan matsalar mai zuwa ta tafi ita ta fi wuyar kamawa. Gara fonti da hotuna su zauna a cikin sabar kusa da tamfilet, kuma a jira document.fonts.ready kafin a buga.

Akwai injinan da su HTML suke karɓa amma takarda suka sa a gaba tun farko. WeasyPrint na Python kyauta ne, ya iya lambar shafi da rubutun kai da na ƙasa tun kafin Chrome ya waiwayi abun, baya gudanar da JavaScript ko kaɗan, wanda ni a wurina alheri ne ga inbois da wasiƙa. Prince na kuɗi ne kuma masu buga littafi suna yabonsa. dompdf a PHP yana da sauƙin girkawa amma bai san flexbox ko grid ba kuma layin tebur dole ya shige shafi ɗaya. Wanda baya son haɗa waɗannan da hannu akwai Gotenberg da ya tattara Chromium, tushen Chrome, da LibreOffice a kwantenar Docker ɗaya, wato ƙunshin manhaja da duk abun da take buƙata. Abu ɗaya da nake roƙo a daina shine ɗaukar hoton shafi da html2canvas a manna shi cikin jsPDF a ce an yi PDF. Hoto ne aka sa ma riga, ba a neman kalma a ciki, ba a kwafa, makaho da manhajar karanta sikirin ba zai ji komai ba, fayil ya yi nauyi, kuma wuƙa kawai ake sawa a yanke shi duk inda tsawon shafi ya ƙare ko da tsakiyar harafi ne.

In aka tambaye ni wacce za a ɗauka, ni ba da wane yaren kod nake fara tambaya ba, tambayata wa zai gyara takardar nan nan da wata shida. In lauya ne a ba shi Word. In masu kod ne kuma takardar tana miƙewa tana tsukewa gwargwadon bayanai, HTML. In hukuma ce ta tsara, a cika nata. Tun ran gini tun ran zane, don canza hanya bayan an tara tamfilet 40 sake gini ne daga tushe.

Yanzu maganar fonti, wadda ta fi ci min rai, don mu masu rubuta ƙ da ɗ da ɓ ta shafe mu kai tsaye. PDF yana da fonti 14 na asali da ake ɗauka kowace manhajar karatu tana da su, dangin Helvetica da Times da Courier da wasu biyu na alamomi, kuma laburare da yawa da su suke farawa in baka ce komai ba. Waɗannan haruffan Yammacin Turai kawai suka sani. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ, babu Larabci, babu rubutun Sin ko na Indiya. Na taɓa ganin tarin satifiket da aka buga, duk mai ƙ ko ɗ a sunansa ɗan akwati ne ko alamar tambaya a wurin harafin, kuma ba wanda ya lura sai da masu su suka karɓa a hannu. Mutum ya yi wahalar karatu a ba shi takarda da sunansa a gurgunce, wannan ba ƙaramin abu bane. Wasu maganinsu sai su cire lanƙwasar su maida ƙ ta koma k, alhali ba hakkinsu bane su canza ma mutum suna don injinsu ya huta. Gyaran gaske shine a zaɓi fonti mai ɗauke da haruffan, Noto na Google ko DejaVu ko Charis da Andika na SIL, a cusa shi cikin fayil ɗin. Ba duka ake cusawa ba, haruffan da aka yi amfani da su kawai ake yankowa, shi yasa baya nauyi. A lura kuma kwantenar Docker ta saba sau da yawa kusan babu fonti a cikinta, abun da ya yi kyau a kwamfutarka don kwamfutarka tana da ɗaruruwa ne. Burauza in ta rasa harafi a fonti ɗaya zata aro daga wani, sai kaga ƙ ɗin ta fita daban a tsakiyar kalma kaman baƙuwa. Larabci kuma ba samun harafin kawai bane, siffarsa tana canzawa gwargwadon inda ya faɗo a kalma kuma daga dama ake tafiya, wannan aikin irin na HarfBuzz ne da ke cikin Chrome da LibreOffice, ƙananan laburare na zana da kanka da yawa basu iya ba, zasu jera haruffan a wawware kuma a juye. Sannan bayan ya yi kyau a ido ka kwafo sunan daga PDF ɗin ka manna a wani wuri ka gani, in shirme ya fito to taswirar ToUnicode ce babu, wadda ke faɗin wane harafi kowane zane yake wakilta, kuma mai neman sunan a cikin fayil ba zai same shi ba.

Tsaro kuma mutane basa kawo shi a rai sam, wai ai takarda ce kawai. Ka tuna burauza ce fa ka ajiye a cikin sabarka, bayan katanga, kana ciyar da ita rubutun da baƙo ya shigar. In wani ya rubuta alamar iframe ko img a gurbin adireshi kuma baka tsaftace ba, injin zai ɗauke shi umarni, ya je ya buɗe abun da aka nuna masa ya zana shi cikin PDF ya miƙa ma maharin da hannunsa. Zai iya zama fayil na cikin sabar ta hanyar file://, zai iya zama adireshin 169.254.169.254 inda sabobin girgije irin na AWS ke bada bayanan kansu, wani lokacin harda makullan shiga. Su kansu masu wkhtmltopdf sun yi gargaɗi kar a ba shi HTML ɗin da ba a yarda da shi ba, dompdf ma a 2022 an gano ɓarakar da ta hanyar fonti na ƙarya ake iya sa saba ta gudanar da kod. Don haka duk abun da mutum ya shigar a tsaftace shi ya zama rubutu zalla, injin a killace shi a kwantenarsa ba intanet ba hanyar shiga sauran sabobi, JavaScript a kashe in ba a buƙata. In kuma kwastomomi ne da kansu aka ba damar rubuta tamfilet to haɗarin ya ninka, don yaren tamfilet irin Jinja yana iya kaiwa ga cikin manhajar, sai dai a ba su mai takunkumi irin Liquid ko Mustache ko a sa shi a akwatin killacewa. Hanyar saukewar ma a duba ta, in adireshin inbois lamba ce a jere kuma ba a tantance mai nema ba, mai 1041 zai gwada 1042 ya karanta na maƙwabcinsa.

Nauyi kuma a taƙaice, kunna Chrome sabo ga kowace takarda ɓarnar lokaci da memori ne, a bar guda ko kaɗan a kunne ana buɗe shafi ana rufewa, a riƙa sake kunna su lokaci lokaci don suna kumbura, a sa iyakar lokaci ga kowane aiki. Kuma babban rahoto kar a haɗa shi mutum na tsaye yana kallon sikirin, a tura shi layin jira irin Celery ko Sidekiq ko BullMQ, in ya gama a sanar da shi. Ƙarshen wata da kowa ke neman takardarsa lokaci guda shine ranar gwajin gaske.

Abun da na fi so a riƙe kuma shine wanda ba a cika faɗa ba. Da yawa suna haɗa PDF ɗin sabo duk lokacin da aka danna maɓalli, daga bayanan da ke rumbu a wannan lokacin. Ga rahoton yau da kullum ba laifi. Amma inbois ko yarjejeniya ko satifiket shaida ce ta abun da aka faɗa a rana kaza. In kwastoma ya canza adireshi bana, ko kuɗin haraji ya canza, ko an gyara sharaɗi a tamfilet, ko ma Chrome ɗin sabar aka sabunta, sai inbois ɗin bara ya fito da fuskar da ba ita aka aika ba, lamba ɗaya takarda biyu, kuma ranar da rigima ta tashi ba wanda zai iya cewa ga ta gaskiyar. Takarda irin wannan sau ɗaya ake haifarta. A ajiye fayil ɗin kansa, a ajiye bayanan da aka zuba masa kaman yadda suke a ranar, a rubuta sigar tamfilet ɗin da aka yi amfani da ita, a ɗauki zanen yatsansa da SHA-256, wato lambar da zata canza in aka taɓa fayil ɗin. In an yi kuskure a fitar da ta gyara da sabuwar lamba, ba a shafe tsohuwar ba. Lissafin kuɗi ma ba a tamfilet ake yinsa ba, a gama shi a cikin manhaja da lambobin da basa zamewa, don 0.1 da 0.2 a JavaScript basa bada 0.3 cif, tamfilet nunawa kawai ne aikinsa. Kwanan wata kuma a tsaida da agogon wane yanki ake rubutawa, saba tana kan UTC, agogon da duniya ke ma'auni da shi, mutum yana wani wuri, takardar ƙarfe 12 saura na dare sai ta ɗauki ranar da ba tata ba.

In takardar zata daɗe shekaru a ajiye akwai PDF/A, ma'aunin ISO 19005 da aka fara a 2005, ya wajabta cusa kowane fonti, ya hana JavaScript da kulle fayil da kalmar sirri, don wanda zai buɗe nan da shekara 30 kar ya dogara da abun da ke wajen fayil ɗin. Sigarsa ta uku tana bari a saka wani fayil a ciki, da ita Jamus da Faransa suka gina inbois ɗinsu na ZUGFeRD da Factur-X, mutum ya karanta shafi, manhajar akanta ta karanta XML ɗin da ke ciki. Chrome shi kaɗai baya fitar da PDF/A, sai an bi da wani mataki a kuma tantance da veraPDF. Sa hannu na dijital kuma shine mataki na ƙarshe, bayan an gama haɗa shafuka da manna hatimi da matse fayil, don in ka sake rubuta fayil ɗin bayan sa hannu to sa hannun ya karye.

Kafin a saki kowane tamfilet ni ga abun da nake zuba masa, suna mafi tsawo da ke rumbun, suna mai ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana, tebur mai layi ɗaya, mai layi 400, da wanda ya cika shafi cif har jimilla ta rasa wurin zama, gurbin da aka bari ba komai, da adireshin da aka cusa ma alamar HTML da gangan. Sai in juya kowane shafi ya zama hoto in ajiye, duk lokacin da aka taɓa tamfilet ko aka sabunta injin a kwatanta sabon da tsohon. Sannan in buga guda a firinta ta gaske baƙi da fari, don yawancin firintoci basa kaiwa bakin takarda, kuma rubutu mai ruwan toka da ya yi kyau a sikirin sau da yawa a takarda baya karantuwa.